OpenLP: Manhajar coci da ke buƙatar marubuta

Tun 2004 ake raba manhajar OpenLP kyauta ga majami'u. Da ita ake haska waƙoƙi da ayoyin Littafi Mai Tsarki a allo lokacin sujada, kuma 'yan sa-kai ne ke riƙe da ita.

Ba dukansu ne masanan kwamfuta ba. Wasu littafin jagora suke rubutawa, wasu su tace shi, wasu su fassara kalmomin manhajar zuwa harsuna daban-daban.

Amfanin aikinsu yakan fito ranar Lahadi. Idan allo ya ƙi nuna waƙa jama'a na jira, matashin da ke gaban kwamfuta jagorar zai buɗe. Jimla ɗaya mai harshen damo ta isa ta ɓatar da shi, shi ya sa ake sake tace jagorar idan manhajar ta sauya.