Tsohon Jirgin Ruwa na Goran Ruwa: Mallakarsa da Farfaɗo da Shi

Jirgin ruwa mai ɗaki ƙaramin jirgi ne mai inji, tsawonsa yakan kama daga ƙafa 25 zuwa 40, an yi masa rufaffen ɗaki mai wurin kwana da murhu da makewayi. Akan ƙera shi da katako ko ƙarfe ko faiba, ko kuma goran ruwa, wato alminiyom, wanda wasu ke kira sanholo. A Kurni da sauran garuruwan Matamaye, inda babu kogi sai fadamun rake da tabkunan damina, an fi sanin goran ruwa a tukunya da ludayi. 'Yan cin ranin da suka yi su a Tafkin Chadi, ko suka bi kogin Kwara ta Gaya da Yawuri, su ne suka san yadda jirgi ke cinye dukiyar mai shi wajen gyara.

Goran ruwa ya bunƙasa a sana'ar ƙera jiragen ruwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945. Masana'antun jiragen sama na Amurka sun wayi gari da tarin ƙarfen da ƙwararrun ma'aikata, ga shi babu yaƙi, sai ɗaya daga cikinsu, kamfanin Grumman, ya shiga ƙera kwale-kwale da shi. A 1954 aka fara ƙera jirage masu ɗaki samfurin Marinette a birnin Luwisbil na jihar Kentaki, a bakin kogin Ohayo, har zuwa farkon shekarun 1990. Kamfanin Chris-Craft ma ya fitar da samfurin Roamer na goran ruwa. Daga baya faiba ta kwashe kasuwa saboda sauƙin zubi, amma da yawan waɗannan tsofaffin jirage suna kan ruwa har yau.

Sirrin ƙarkonsu yana jikin ƙarfen. Nauyinsa kashi ɗaya ne cikin uku na baƙin ƙarfe, don haka jirgin ba ya shan mai sosai, kuma yana ratsa ruwa marar zurfi. Da zarar iska ta taɓa ƙarfen sai ya yi wa kansa wata siririyar fata da ke tare tsatsa. Kwale-kwalen katako irin na Sarkawa kuwa kullum cikin toshi da kwalfe ruwa yake, ga manyan itatuwa irin su maɗaci suna ƙara wuya.

Sai dai goran ruwa yana da tasa cutar, kuma wanda bai san ta ba asara zai tafka. Idan ya haɗu da jan ƙarfe ko tagulla a cikin ruwa, wata 'yar wutar lantarki takan gudana tsakaninsu, kuma goran ruwan ne ke narkewa. Guntuwar wayar jan ƙarfe da ta faɗa ƙasan jirgi, ta kwanta cikin ruwan da ya taru, tana iya huda shi a hankali. Alamar ita ce farin gari a jikin ƙarfen, idan aka kankare sai a tarar da ƙananan ramuka kamar zanen agana. Wayar batir da ke yoyon wuta ta fi haka ɓarna, domin cikin 'yan watanni takan yi abin da shekaru ba su yi ba. Maganin cutar shi ne a ɗaura wa jirgin dunƙulen wani ƙarfe da ya fi shi saurin narkewa, tutiya a ruwan gishiri, maganiziyam a ruwan daɗi, cutar ta koma kansa, a riƙa sauya shi idan ya cinye rabi. Fentin ƙasan jirgi mai haɗin jan ƙarfe, wanda ake shafa wa katako da faiba, guba ne ga goran ruwa.

Saboda haka mai son sayen tsohon jirgi ba daga kujeru da labule zai fara dubawa ba. A fito da shi tudu, a ɗaga katakon daɓen ciki, a bi ƙasansa taki-taki, musamman ƙarƙashin tankin mai da kewayen farfela. Akwai na'urar da ke auna kaurin ƙarfe ba tare da an huda ba. Inda ya sirance, yankewa ake yi a dasa sabon falle. Liƙi da gam na ɗan lokaci ne.

Walda ita ce babbar matsala a ƙasar Hausa. Injin da ake haɗa ƙofofi da tagogi da shi a Damagaram ko Maraɗi bai dace da wannan aiki ba. Goran ruwa yana narkewa a zafin digiri 660, amma fatar da ke kansa sai ta haura 2000, don haka mai walda da bai goge ta ba zai ga ƙarfen ya zube a ciki alhali saman bai motsa ba. Ana buƙatar injin da ke busa iskar agon a kan wurin ɗinkin, da buroshin da bai taɓa baƙin ƙarfe ba. Fallen ma sai na jirgi, wanda aka gauraya da maganiziyam. Tarkacen gwangwani da fistin da maƙera ke narkawa su zuba tukunya ba ya jure lanƙwasa da dukan igiyar ruwa.

Bayan gangar jiki sai inji da wayoyi. Tsofaffin wayoyi gara a zare su duka a sa sababbi, a kuma tabbatar ba a mai da jikin jirgin hanyar komawar wuta ba kamar yadda ake yi a mota. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasan jirgi, shi ya sa ake kunna fankar zuƙe shi na wasu mintuna kafin a ta da inji. Katakon ɗaki da tagogi da fenti su ne ƙarshe, kuma nan ne kafinta na gida zai nuna gwanintarsa. Kuɗin gyara sau da yawa yakan zarce na saye.

Jirgin da aka gyara da kyau ma yana da iyakar abin da zai ɗauka. Hatsarin Warra a jihar Kebbi da na madatsar Watari a Bagwai ta Kano, duka a 2021, sun ci rayuka da dama, kuma a dukansu an yi kuka da lodin da ya wuce kima. Mai jirgi yana da alhakin kiyaye adadin fasinja, da tanadar wa kowa rigar ruwa, da fito da jirgin tudu duk shekara a duba ƙasansa.