Fim ya sa an hana kodin, to ina kuɗin jinyar waɗanda ƙwaya ta kama?

A finafinanmu na Hausa, labarin ɗan ƙwaya ba ya wuce sin uku. A na farko ga shi a lungu da kwalba a hannu, idanu jajir, yana magana harshe na karyewa, 'yan kallo na ta dariya. A na biyu ya sace kuɗin uwarsa. A na uku kuwa ko dai 'yan sanda su yi awon gaba da shi, ko wani malami ya yi masa nasihar minti biyu, sai ka ga ya fashe da kuka ya tuba. A sako kiɗa, sunaye su fara hawa. Shi ke nan.

Ni ma da haka na ɗauki abin, sai da na je gida Dauran, a ƙaramar hukumar Zurmi, na ga halin da ɗan kawuna yake ciki. Tare muka taso, tare muke zuwa gidan kallo muna yara. Shi ba ɗan iska ba ne. A gona ya fara shan tiramol, wai don ya yi noman ƙodago bai gaji ba, da ya koma kabu-kabu da babur kuma sai abin ya zame masa karin kumallo. Sau uku yana niyyar bari. Duk lokacin da ya kwana biyu bai sha ba sai gumi, da ciwon gaɓoɓi, da gudawa, barci ya ƙaurace masa. A rana ta uku ya koma. Akwai ranar da ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, wanda likitoci sun san yawan tiramol na jawo hakan. Kawu ya kira ni gefe ya tambaye ni, tunda ni ne ɗan bokon gidan kuma ɗan jarida, ina za a kai yaron nan? Wallahi mai karatu, shiru na yi.

Abin da zai ba masu sha'awar fim mamaki shi ne, fim ne ya taɓa girgiza gwamnati a kan wannan magana. A ƙarshen Afrilun 2018 sashen binciken BBC ya saki Sweet Sweet Codeine, inda 'yar jarida Ruona Meyer da abokan aikinta suka ɗauko da ɓoyayyar kyamara yadda ake fitar da maganin tari mai kodin ta bayan fage. An nuno wani gidan gyaran hali a Ɗorayi, cikin Kano, matasa ɗaure da sarƙa a ƙasa. Ranar 1 ga Mayu ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya hana shigowa da maganin da kuma haɗa shi. Alhali tun 2017 Majalisar Dattawa ta ce ana shanye kwalabe miliyan 3 a kullum a Kano da Jigawa, ba a yi wani abin kirki ba sai da hoto ya fito.

To an hana kwalba. Su kuma waɗanda ke cikin sarƙar fa?

A Janairun 2019 aka fitar da sakamakon wani bincike da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi shaye-shaye a shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin suke sha, kuma a duk mutum huɗu ɗaya mace ce. A cikin waɗanda abin ya fi yi wa illa, kusan kashi 40 cikin ɗari sun ce suna son magani amma ba su samu ba. Wani abin kunya kuma, shi kansa binciken da kuɗin Tarayyar Turai aka yi shi.

Ba za a ce gwamnati ba ta motsa ba. Shugaba Buhari ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Janar Buba Marwa a 2018, sannan ya ba shi shugabancin hukumar NDLEA a 2021. Tun daga nan kusan kullum sai ka ji an kama kwantena cike da tiramol mai lamba 225, alhali wanda doka ta yarda da shi mai 50 ne da mai 100. A 2022 hukumar ta buɗe layin waya na kyauta, 0800 1020 3040, don masu neman shawara. A Janairun 2023 aka sa hannu a dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, kuma ta tanadi a kafa asusu na musamman. A takarda duk lafiya lau. Amma a ganina ƙarfin ya fi karkata ga kame da ƙona kaya a gaban kyamara, jinya kuma an bar wa iyaye. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba, balle a zo kan kason ɗan ƙwaya.

Su ma dillalan ba barci suke ba. A Fabrairun 2025 BBC ta sake fallasa wani kamfanin Indiya da ke turo ƙwayoyi irin su Tafrodol zuwa Afirka ta Yamma, waɗanda sun fi tiramol ƙarfi. A yankinmu na Zurmi, Shinkafi da Ƙauran Namoda kuwa, kowa ya san 'yan bindigar daji na cikin manyan masu sayen kayan nan. Kenan maganar ta wuce ta tarbiyya kawai.

Yanzu duba lissafin kawu. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da mutanenmu suka fi sani shi ne na Kware, a jihar Sakkwato. Sai ka bi ta Ƙaura ka shiga Gusau, sannan ka kama hanyar Sakkwato, a kan titunan da direba ba ya bi sai ya tambayi labari. Ga kuɗin mota na mutum biyu, ga na gado, ga na abinci, kuma jinyar ba ta kwana uku ba ce. Shi ya sa iyaye da yawa ke kai 'ya'yansu gidan mari. Wanda ya tuna Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, sannan aka sake gano irinsa a Daura bayan 'yan makonni, ya san abin da nake nufi. An rufe gidajen, an yi daidai. Sai dai wane gado aka buɗe a madadinsu?

A Amurka, jihohi sun maka kamfanonin magani a kotu, har Johnson & Johnson da manyan dillalai uku suka amince su biya dala biliyan 26, akasarinsu don jinya da rigakafi. Mu nan an rufe wasu kamfanoni na ɗan lokaci a 2018, aka buɗe.

Saura ku 'yan industiri. Furodusa ko darakta guda ya daure ya ɗauki kyamara ya bi ɗan ƙwaya bayan sin ɗin tuba: daren farko na gumi da kyarma, uwa na tofa addu'a, uba na ƙirga kuɗin mota. Idan hoton Ɗorayi ya sa minista ya yi magana cikin kwana ɗaya, wa ya san abin da irin wannan fim zai yi idan 'yan majalisar Zamfara suka kalle shi ana gab da kasafin kuɗi?

Na baro Dauran kawu yana jiran a cire amfanin gona ya sayar da gero buhu biyu. Ɗan nasa ya ce in dai an samu kuɗin, shi zai fara shiga motar.