Haƙuri Ma Koyonsa Ake Yi

Jama'a, akwai bayin Allah waɗanda ƙaramin ɓacin rai kan zame musu gobara. Da safe suna murna, kafin azahar sun yanke ƙauna, suna tsoron kowa zai guje su, har wasunsu kan ji wa kansu rauni. Mu kuwa abin da muka saba ce musu shi ne su yi haƙuri, ba tare da mun nuna musu yadda ake yinsa ba.

Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Marsha Linehan ta Jami'ar Washington a Amurka, ta ɗauki haƙurin nan tamkar sana'a wadda ake koya a aji. Ita kanta an kwantar da ita asibitin masu taɓin hankali a 1961 tana da shekara 17, ba ta kuwa bayyana wa duniya haka ba sai a 2011. Hanyar da ta tsara, wadda ake kira DBT, yanzu ana amfani da ita har a asibitocin gwamnati na Ingila.

Ga yadda abin yake. Marasa lafiya kan taru sau ɗaya a mako, wajen sa'a biyu da rabi, gaban malamai biyu, har mako 24, sau da yawa kuma a maimaita don a cika shekara. Darussa huɗu ne: tara hankali kan abin da ake ciki, jure tsanani ba tare da ƙara ɓata lamari ba, sarrafa fushi da baƙin ciki, da iya roƙo ko ƙin abu ba tare da ɓata zumunci ba. Misali, idan zuciya ta tafasa, a tsoma fuska cikin ruwan sanyi, domin yana rage bugun zuciya. Kowa kan koma gida da aikin gwaji, mako mai zuwa ya faɗi yadda ya ƙare. Ban da ajin, kowa yana da mai duba shi shi kaɗai.

Binciken da Linehan ta buga a 1991 ya nuna matan da suka bi wannan hanya sun rage cutar da kansu, kwanakinsu a asibiti kuma sun ragu.

Saboda haka wanda ke da irin wannan ɗan'uwa a gida, ko a kasuwa, ko a ofis, kada ya yanke masa hukuncin mugun hali. Ya raka shi wurin likita. Allah ya ba mu lafiya, amin.