Daga PES zuwa eFootball: Yadda Konami ya rasa amincewar masoyansa

A gidajen gem na Tudun Wada da ke Kaduna, inda matasa ke biyan kuɗi a kan kowane wasa, an daɗe da rabuwa gida biyu: masu son wasan ƙwallon FIFA na kamfanin EA na Amurka, da masu son PES na kamfanin Konami na ƙasar Japan. Sai dai abin da ya faru da PES a shekarar 2021 ya nuna yadda kamfani kan zubar da amincin da ya yi shekaru yana tarawa cikin kwana ɗaya.

Me ya faru?

A ranar 30 ga Satumba, 2021, Konami ya saki eFootball 2022 a madadin PES, tare da alƙawarin cewa kowa zai sauke shi kyauta. Da masoya suka buɗe, sai suka tarar da fuskokin taurari irin su Messi da Ronaldo a karkace, 'yan wasa suna gudu a hargitse, ga kuma kulob tara kacal da za a iya zaɓa. Sashen Master League, inda mutum ke riƙe kulob a matsayin koci, babu shi sam.

A kasuwar wasanni ta Steam, waɗanda suka yaba wasan a kwanakin farko ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, abin da ya jefa shi sahun wasannin da aka fi kushewa a tarihin kasuwar.

Konami ya nemi afuwa. A watan Nuwamba ya ɗage babban gyaran da ya yi alƙawari, ya kuma soke wani ƙunshin 'yan wasa na kusan Dala 40 da ya riga ya fara sayarwa, ya mayar wa mutane kuɗinsu. Gyaran bai fito ba sai ranar 14 ga Afrilu, 2022.

Me ya sa fushin ya yi zafi?

A da, wasa yakan fito a kammale cikin faifai. Yanzu intanet ta bai wa kamfanoni damar sakin wasa da lahaninsa, su riƙa gyarawa daga baya, alhali wasu sun biya kuɗi tun kafin fitowarsa. Ma'ana, mai saye yana sayen alƙawari ne.

Konami ba shi kaɗai ba ne. A watan Disamban 2020, Sony ya cire Cyberpunk 2077 daga kasuwar PlayStation saboda yawan matsalolinsa, ya kuma mayar da kuɗin masu saye. Shi ma EA ya daina sayar da kuɗin cikin wasan FIFA a Beljiyam a farkon 2019, bayan hukumomin ƙasar sun ayyana sayen ƙunshin da mutum bai san abin da ke ciki ba a matsayin caca.

Ina ruwan Tudun Wada?

Mai gidan gem yana cin abinci ne da abokai biyu da za su zauna gaban talabijin, kowa ya ɗauki kulob ɗinsa. Wasan da ya taƙaita kulob, ya kuma dogara da intanet, ƙarin kuɗin data ne a kan na man janareta, ba tare da ƙarin kwastomomi ba. Shi ya sa tsofaffin PES, waɗanda ake sabunta musu sunayen 'yan wasa, ba su rasa kasuwa ba.

Daga baya eFootball ya gyaru, ya kuma samu karɓuwa a wayoyin hannu. Amma Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ga mai shirin sayen sabon wasa, abin da ya fi shi ne ya dakata har ya ji bakin waɗanda suka riga shi bugawa.