Fina-finan Gaskiya Sun Yawaita: To, Ina Namu?

A wannan wata za mu yi tsokaci ne a kan irin fina-finan nan da Larabawa ke kira wasa'iƙi, wato fina-finan gaskiya, waɗanda ake ɗaukar mutane da wurare yadda suke, ba tare da an shirya wasa ba. Iyayenmu da suka taso a ƙasar Hausa sun san su da sunan majigi, lokacin da mota kan shigo gari da magariba a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna noma da rigakafi. A nan Sudan ma haka abin ya faro, domin a 1949 ne Turawan mulki suka kafa sashen shirya fina-finai na gwamnati, motocinsa suna zagaya ƙauyuka.

A wancan zamani abin da aka kawo maka shi za ka kalla. Ko bayan da aka buɗe gidan talabijin na Umdurman a farkon shekarun 1960, tasha ɗaya ce tilo, kowa ita yake jira. Yau kuwa sai wanda ka zaɓa. Tashar Aljazira ta buɗe reshe na musamman domin irin waɗannan fina-finai a 2007, National Geographic ta Abu Dabi ta biyo baya da Larabci a 2009, sannan ga YouTube a cikin wayar kowane yaro a nan Hajj Yusuf. In dai akwai caji da intanet, mutum yana zaune a tsakar gida zai ga ƙarƙashin teku, ya ga yadda aka gina dala a Masar, ya ga yaƙin duniya na biyu.

Da yake mu malaman makaranta ne, iyaye kan tambaye mu wanne ya kamata yara su kalla. Ga kaɗan daga cikin waɗanda muka ga amfaninsu.

A fannin tarihi, akwai jerin shirye-shiryen da Zainab Badawi ta yi wa BBC a kan tarihin Afirka, wanda aka fara nunawa a 2017. Ita Zainab haifaffiyar Sudan ce, daga zuriyar Babikir Badri wanda ya buɗe wa 'yan mata makaranta a Rufa'a a 1907. Ta bi sawun littattafan tarihin Afirka na hukumar UNESCO, ta kuma bar masanan Afirka su yi bayani da bakinsu. Ɗalibin da ya kalli kashin da ya shafi daular Kush zai fahimci darasin Marawi fiye da yadda allo da alli za su iya koya masa. Kafin ita, marigayi Ali Mazrui na Kenya ya yi nasa a 1986, inda ya nuna yadda al'adun gargajiya da Musulunci da zuwan Turawa suka haɗu suka gina Afirkar yau.

A fannin binciken ƙwaƙwaf, sashen BBC mai suna Africa Eye ya fitar da fim a 2018 a kan yadda matasa ke shan maganin tari mai kodin a Nijeriya, har da Kano. Ba a yi kwanaki ba gwamnatin ƙasar ta hana shigo da maganin da kuma sarrafa shi. Wannan ya isa ya nuna mana cewa fim ɗin gaskiya yana iya motsa hukuma.

Sai kuma na gida. A 2014 Hajuj Kuka ya fitar da fim a kan mutanen Nilu Shuɗi da Duwatsun Nuba, yadda suke riƙe da kiɗa da waƙa a ƙarƙashin ruwan bama-bamai, ya kuma ci kyauta a Toronto ta Kanada. A 2019 Marwa Zain ta nuna 'yan matan Khartum masu buga ƙwallon ƙafa. A wannan shekarar ce kuma Suhaib Gasmelbari ya fitar da Hadis an al-Ashjar, wato hira a kan bishiyoyi, wanda ya ci kyauta a Berlin. Labarin wasu dattawa huɗu ne, cikinsu har da Ibrahim Shaddad, waɗanda suka yi karatun fim a ƙasashen waje, suka kafa ƙungiya a 1989, juyin mulkin wannan shekara ya tsayar da aikinsu. Da tsufansu suka ɗauki tsintsiya suna share Sinimar Saura ta Umdurman domin su sake buɗe ta, amma takardar izini ta gagara. Duk wanda ya kalli fim ɗin zai yi dariya, zai kuma yi shiru. Bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilu 2023, wasu matasa da suka fara ɗaukar rayuwar mutum biyar a babban birni da wayar hannu sun tsere da aikinsu zuwa Nairobi, suka ƙarasa shi a can, ya fito a 2025 da sunan Khartoum.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Ka zauna ka bi tashoshin nan ɗaya bayan ɗaya, za ka ga zaki da giwa, ka ga Fir'auna da Hitila, amma da wuya ka ci karo da Bahaushen Sudan yana ba da labarinsa da bakinsa. Alhali labarin akwai shi jingim. Akwai hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Akwai alhazan ƙafa da suka yi shekaru a hanyar Makka, wasu suka yada zango a Gadarif da Kasala da Madani, zangon ya zama gida. Akwai gumin kakanninmu a gonakin audugar Jazira tun daga 1925. Akwai A'isha Falatiya, wadda ta rasu a 1974, tana cikin matan farko da aka ji muryarsu a rediyon Umdurman. Masana sun rubuta wasu daga ciki, kamar Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum da ya yi nazarin Hausar Sudan, amma yaran yau sun fi kallo a kan karatu. Kuma rikicin Nilu Shuɗi na 2022 ya koya mana cewa wanda maƙwabtansa ba su san tarihinsa ba, kullum baƙo ne a idonsu.

Kada wani ya ce aikin sai masu kuɗi. A Kano, a 2011, wasu almajirai tara sun sami horo suka shirya fim mai suna Duniya Juyi Juyi a kan rayuwarsu, su suka tsara labarin, su suka riƙe kyamara. In almajiri ya iya, ɗalibin sakandare a Hajj Yusuf ba shi da hanzari.

Kada kuma wani ya ce a bari sai ƙura ta lafa. Gadalla Jubara, wanda ya ɗauki Khartum a fim mai launi tun 1960, ya tara aikin shekaru masu yawa a ɗakin shirya fina-finansa, aka rushe wurin a 2008, shekarar da ya rasu. Abin da ya tsira, 'yarsa Sara ce ta tsaya a kai, har wata cibiya a Jamus ta taimaka aka kwafe shi a na'ura. Yaƙin nan kuwa kowa ya ga yadda ya ci gidaje da hotuna da takardu, ya warwatsa dattawan da ke riƙe da tarihi a ka.

Shawararmu ga iyaye ita ce su zauna su kalla tare da yara, su koya musu tambaya uku: wa ya yi fim ɗin, a wace shekara, kuma su wa aka bari suka yi magana a ciki? Domin intanet cike take da masu haɗa hotunan bogi su ɗora murya su kira shi tarihi. Ga matasa kuwa, ku nemi izinin kaka ko kakan da ya rage a gidanku, ku zaunar da shi inda haske yake, ku tambaye shi garin da aka taso da hanyar da aka biyo, ku bar shi ya yi magana da Hausarsa ba tare da katse shi ba. Ku rubuta sunansa da ranar da aka ɗauka, ku aika wa 'yan'uwa biyu ko uku su adana. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta tukuna.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, amin.