Na'urorin Sarrafa Sauti na Masu Gabatarwa da Masu Sharhi a Rediyo: Tasirinsu ga Furucin Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun daga 1957 da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye, muryar mai gabatarwa ta zama abin koyi ga ɗimbin masu sauraro, har manazarta suka riƙa ɗaukar ta a matsayin hujja wajen nazarin furuci. Sai dai muryar ba ta isa kunne sai ta ratsa wasu na'urori. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana aikinsu da abin da suke yi wa sautukan Hausa.

2.0 Na'urorin da Aikinsu

Mai sharhin wasanni yakan yi aiki da ƙaramin akwati mai maɓallai. Da shi yake daidaita ƙarfin muryarsa da abin da ke shiga kunnensa, wato hayaniyar fili da umurnin mai tsara shiri. Akwai kuma maɓallin tari, wanda ke katse muryar muddin ana danne da shi. Makirufon leɓe, wanda BBC ta ƙirƙiro a 1937, yana da kariya da ake jinginawa a leɓen sama, domin tazarar baki ta tsaya daidai, hayaniya kuma ta ragu. Daga nan sai na'urar matse sauti, wadda ke rage ratar da ke tsakanin babbar murya da ƙarama.

3.0 Tasirinsu ga Sautukan Hausa

Layin tarho na gargajiya, wanda aka daɗe ana aiko da rahoto ta cikinsa, yana ɗaukar sautin da ke tsakanin Hz 300 da 3,400 ne kawai, alhali tashar FM tana kaiwa 15,000. Karkarwar tantanin maƙwallaton namiji kuwa ba ta cika wuce Hz 180 ba. Duk da haka karin sauti ba ya salwanta, domin kunne yana gano tushen karkarwar daga ninke-ninkenta da suka tsira. Saboda haka "kuka" na hawaye, mai karin sama-sama, ba ya rikicewa da "kuka" itaciya, mai karin sama-ƙasa. Haka nan tsawon wasali, kamar a "gari" na mazauna da "gari" na tuwo, tunda na'urorin ba sa taɓa tsawon lokacin furuci.

Baƙaƙe ne ke shan wahala. Yawancin ƙarfin ɗan zuza /s/ yana sama da Hz 4,000, don haka a layin tarho yakan kusanci /f/. Matse sauti kuma yana iya dakushe ƙarar fashewar tunkuɗau /ƙ/, wadda tana cikin abubuwan da ke raba "ƙafa" da "kafa".

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa sautin da aka naɗa daga rediyo zai iya zama madogara wajen nazarin karin sauti da tsawon wasali. Game da 'yan zuza da tunkuɗau kuwa, wajibi ne manazarci ya fara tantance hanyar da muryar ta biyo, don kada ya jingina wa wani karin harshe siffar da na'ura ce ta haifar da ita.