Ɓarin Shanu da Awaki: Cutar da Ido Ba Ya Gani

Idan saniya ta yi ɓari a wata na bakwai, yawancin makiyayanmu sukan ce rani ne, ko sambatsi, ko kuwa bakin mutane. Sai a binne ɗan, a manta. Alhali sau da yawa wata ƙwayar cuta ce da ake kira Burusela, wadda Fulani da mahauta suka sani da sunan bakkale saboda kumburin da take sa wa gwiwar saniya.

Wani likitan sojan Ingila, David Bruce, shi ya fara ganin wannan ƙwaya a tsibirin Malta a 1887. Bayan shekara 10, Bernhard Bang na Denmark ya gano danginta a cikin shanun da ke ɓari. Abin da ya sa take da wuyar ganewa shi ne saniyar takan yi ɓari sau ɗaya, daga baya ta riƙa haihuwa lafiya lau, amma tana nan tana zubar da ƙwayar a madara da mahaifa. Mai ita kuwa yana murna ta warke.

Kuma ba ta tsaya ga dabba ba. Wanda ya sha ɗanyar madara, ko ya ciro mahaifa da hannu tsirara, zai iya kamuwa: zazzaɓi mai zuwa yana komowa, gumin dare, ciwon gaɓoɓi. A asibiti a ba shi maganin maleriya, a sake ba shi na taifot, watanni suna tafiya. Tafasa madara yana kashe ta, amma kada a dogara da tsamin nono.

Akwai wata ƙwayar da ta fi ta ɓuya, wadda ke kawo zazzaɓin Q. Tana sa awaki da tumaki ɓari, mutum kuma yakan shaƙe ta a ƙurar garke. Tsakanin 2007 da 2010 ta kama mutum fiye da 4,000 a Holan, ƙasar da ba ta rasa likitoci ba.

To, mai karatu, yaya ake tabbatarwa? Sai ɗakin gwaji. Malamin dabbobi zai ɗebi jini, a raba ruwansa, a gauraya ɗigo guda da wani magani mai launin hoda a kan farin faranti. Cikin minti 4, idan ya yi gudaji-gudaji, to akwai alamar bakkale, sai a ƙara wani gwajin don a tabbata. A nan Kamaru, LANAVET da ke Bokle kusa da Garwa, wadda aka kafa a 1983, tana irin wannan aiki.

A ganina inda muke tuntuɓe shi ne wajen ɗan da aka ɓarar. Shi da mahaifar su ne shaida mafi ƙarfi, mu kuwa kare muke bar wa. A sa leda a hannu, a ɗaure su a leda biyu, a sa ƙanƙara, a kai wa malamin dabbobi a ranar. Sauran ƙazantar a binne ta da zurfi, a kuma ware saniyar daga garke har sakamako ya fito.